Masu ɗakunan taro, don Allah ku ɗauke fitilunku daga idon jama'a

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu ɗakunan taro da masu hayar fitilu, musamman na nan Kano da Kaduna da Abuja inda kusan kowane ƙarshen mako sai an yi dina ko taron ƙaddamarwa. Ni ɗaukar bidiyo ce sana'ata, kuma wallahi abin da ake wa idon mutane da sunan ƙawata dandamali ya isa haka.

Za ka ga an jera fitilun LED a ƙasa ko kan ƙarfe daidai tsayin mutum, an juyo su suna kallon mahalarta, sai haske ya dallare kowa, mai jawabi ma ba ya ganin takardarsa, dattawa kuwa masu yanar ido su suka fi shan wahala don su haske mai ƙarfi watsuwa yake a cikin idonsu, sai ka ga tsohuwa ta rufe fuska da mayafi har a tashi. Amfanin fitila fa ta haska wanda ke kan dandamali ne.

Gyaran kuma ba tsada. Na farko a ɗaga fitilar sama haskenta ya sauko kan mutum a karkace, wajen digiri 45, wannan tsohuwar ƙa'ida ce da masu wasan kwaikwayo a Amurka ke bi tun shekarun 1930. Sannan akwai marfin ƙarfe mai kunnuwa huɗu da ake saka wa bakin fitila, kana lanƙwasa kowane kunne ka datse hasken da ke zuba a bango ko silin ko kan layin gaba. Akwai wani kamar gwangwani baƙi da ake zura wa a gaba, ya ɓoye bakin fitilar daga idon wanda ke gefe, akwai kuma raga mai kamar saƙar zuma, ita ma aikinta ke nan. Duk waɗannan maƙerin gwangwani na kasuwa zai iya kwaikwayonsu in an ba shi samfur, a dai shafa baƙin fenti marar ƙyalli. Amma don Allah kar a naɗa kwali ko leda a bakin fitila, tsofaffin fitilun nan masu kwan halojin zafinsu na iya ta da gobara.

Tayil mai sheƙi da farin labule ma suna mayar da haske ido, a shimfiɗa kafet mai duhu a dandamali.

Wanda ya fi damuna shi ne leza, wato siririn hasken nan mai ƙarfi kamar zare, da fitilar nan mai walƙiya da masu kiɗa ke kunnawa. Leza in ta shiga ido kai tsaye tana iya yi masa illa, mu kuma tana ƙona mana cikin kyamara, walƙiyar kuwa da ke ƙiftawa fiye da sau 3 a daƙiƙa tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu, kuma ba wanda ke sanar da jama'a kafin a kunna. In a waje ake taron to hasken har ɗakin maƙwabta da idon masu mota a titi.

Roƙona kafin baƙi su iso, mai fitila ya sauko ya zauna a kujerar gaba da ta gefe da ta baya, duk fitilar da ta soke masa ido ya tashi ya gyara ta.

Naka,
Wani mai ɗaukar bidiyo, Kano