Zuwa ga aminina a Yamai, kan mutum-mutumin da ɗanka ya nace a kai

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da Hajiya, kamar yadda muke nan Kano lafiya. Saƙonka ya iso tun makon jiya, jarrabawar ɗalibai ce ta sha mini kai. A yi haƙuri.

Ka ce babban ɗanka ya ga mutum-mutumi yana rawa a waya, tun daga ranar ya hana gidan sakat, shi ne kake tambayata wanne za a saya masa, tunda ni ne malamin kwamfuta. Daga kwatancen da ka yi, fari mai zagayayyen kai da idanu masu haske, ina jin NAO ya gani. Kamfanin Aldebaran na Faransa ne ya ƙera shi. Tsayinsa santimita 58, gaɓoɓinsa masu motsi 25, yana ji, yana magana, in ya faɗi ya tashi da kansa. A 2008 aka fara buga ƙwallo da shi a gasar RoboCup, mutanen nan da suka ci alwashin cewa nan da 2050 mutum-mutuminsu za su doke zakarun ƙwallon duniya. Allah ya ba mai rai gani. Amma kuɗinsa dubban daloli ne, kuɗin mota sukutum, shi ya sa galibi jami'o'i da ɗakunan bincike ke sayensa. Ko da kana da kuɗin ma, ba zan ba ka shawara ba. A ƙere yake zuwa, yaro ba zai ga cikinsa ba, kai kuma duk lokacin da ya taɓa shi sai gabanka ya faɗi.

Akwai na tsaka-tsaki da ake sayarwa a wargaje, mutum ya haɗa da hannunsa. Japanawa ne gwanayen wannan: tun 2002 suke gasar ROBO-ONE, inda ƙananan mutum-mutumi ke shiga fage suna dambe da kokawa, wanda aka kayar ya yi ta fafutukar tashi kafin a gama ƙirge. A 2004 kamfanin Kondo ya fitar da KHR-1 mai injin gaɓa 17 don masu sha'awar irin wannan wasa. Kamfanin Robotis na Koriya ta Kudu kuma yana da Bioloid mai 18. Suna da kyau ƙwarai, sai dai su ma ba su da arha, kuma ranar da inji ɗaya ya ƙone, sai ka jira a turo maka daga waje.

Wanda nake so ka nema masa shi ne Otto. Wani ɗan ƙasar Kolombiya, Camilo Parra Palacio, ya fito da shi a 2016, ya saki zanensa da umarninsa kyauta a intanet. Ɗan mitsitsi ne, yana zama a tafin hannu, ba shi da ko hannuwa, kai ne kawai da ƙafafu biyu. Cikinsa ɗan allon lantarki ne mai suna Arduino Nano, wanda shi ne ƙwaƙwalwarsa, da injinan gaɓa huɗu irin SG90 masu nauyin giram 9, biyu a ƙugu biyu a idon sawu, da ɗan ƙaho mai kuka, da idanu biyu waɗanda ba gani suke yi ba: ƙara suke jefawa su saurari dawowarta kamar jemage, ta haka yake sanin akwai bango a gabansa. Kaskon jikinsa da firintar 3D, mai fitar da abu sukutum ba hoto a takarda ba, ake buga shi, amma namu da kwali da gam muka yi, ya kuma yi tafiya.

Wato ya yi tafiya daga baya. Ranar farko da muka gama haɗa shi da ɗalibaina, muka kunna, sai ya yi ta karkarwa kamar mai zazzaɓi, ya ɗaga ƙafa, ya mutu, ya farka, ya sake mutuwa. Kwana biyu ina zargin umarnin da na rubuta. Ashe injinan huɗu idan suka motsa tare sai su zuƙe wuta, allon ya rasa abin da zai rayu da shi ya koma farko. Batiran da na saka ne marasa ƙarfi. Da muka canja su, sai wata matsala: in an ce ya miƙe gaba sai ya yi ta zagaye kamar ɗan akuya a turke. Wata yarinya ce a ajin, wadda ko magana ba ta cika yi ba, ta lura ƙafar hagu a karkace muka ɗaura ta. Kowane inji yana juyawa daga digiri 0 zuwa 180, dole a tsayar da shi a 90 kafin a ɗaura masa ƙafa, in kuma an ɗan kauce sai a gyara da lamba a cikin umarni. Ta rage digiri kaɗan, ya miƙe sambal. Ihun da yaran nan suka yi har shugaban makaranta sai da ya leƙo.

A wannan makon suka gane abin da na yi zango guda ina bayani a allo bai shiga ba: tafiya da ƙafa biyu aiki ne babba. Sai ka karkata nauyinka kan ƙafa ɗaya, ka ɗaga ɗayar, ka jefa ta gaba, ka dawo da nauyin. Mu da muka koya tun muna tatata mun manta. Har na kama kaina ina kallon ɗan autana yana taku da wani ido daban.

Batun rubuta umarni kada ya dame ka. Ya fara da Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007; tubala ne masu launi ake ja ana jerawa, akwai shi da Faransanci, kuma kyauta ne. Otto ma yana da manhaja irin ta tubalan nan. In hannunsa ya faɗa sai ya koma rubutawa da harshen Arduino kai tsaye. Kwamfutarka tsohuwa ta isa.

Abu ɗaya nake roƙonka, don na san halinka tun muna makarantar kwana: kada ka karɓe sukudireba daga hannunsa. Ka zauna kusa, ka riƙe masa fitila, ka bar shi ya juya waya, ya gane da kansa. Ka dai tsaya a kansa wajen batir, kada ya haɗa jan waya da baƙa, in kuma za a yi liƙi da dalma kai za ka yi.

In kayan sun yi wuyar samu a can, ka faɗa mini. Ina da ragowar injina shida da allo guda, sai in ba direban da ke zuwa Maraɗi, ka sa wani ya karɓa ya turo maka. Ka ce wa yaron ina jiran bidiyon takun farko, ko da faɗuwa ya yi.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Maiɗakina tana gaida taka.

Naka amini,
daga Kano.