Rahoton Kwamitin Aiki Kan Kafa Turakun Awon Ƙasa a Makarantarmu da ke Jos

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da 'yan uwa tsofaffin ɗalibai.

Aikin da kuka ɗora mana ya kammala, alhamdu lillahi. Turaku shida na kankare suna nan daram, huɗu a cikin haraba, biyu a bakin unguwa, kowanne da ƙusar tagulla a tsakar kansa da lamba a gefe. Mai wucewa zai ɗauka dutse ne kawai. Amma an san mazaunin kan ƙusar nan a doron ƙasa, kuskuren bai wuce 'yan santimita ba, alhali GPS na wayar hannu kan kauce da mita da yawa. Duk wanda ya taɓa zaman sulhu kan iyakar fili a gaban Mai Unguwa ya san taku biyu ma sun isa su raba zumunci.

Safiyo mai rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa safiyoyin Najeriya rajista, ne ya yi awon. Ya kafa na'urar GPS ɗaya a kan turken gwamnati da aka riga aka san lissafin mazauninsa, ɗayar a kan namu, suka yi sa'o'i suna karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam masu shawagi a nisan kilomita 20,200. Sai na'ura ta ga aƙalla huɗu kafin ta san inda take, shi ya sa ya ƙi duk wurin da itatuwan turare suka rufe sama, ya kuma nisanci rufin kwano, don yana karkatar da saƙon.

Turke na biyar ne ya ba mu wahala, kuma laifinmu ne. Mun yi gaggawa muka zuba shi a fili mai kyan gani, ashe tsohuwar ƙasar da masu haƙar kuza suka tara ce. Da damina ta sauka sai wani ɗalibi ya ɗora ma'aunin magina a kansa, muka ga kumfar ta gudu gefe. Turken da ya motsa ya fi rashin turke illa, domin duk filin da aka auna daga jikinsa zai gaji kuskurensa. Muka fasa shi, aka huda falalen dutse da ke bayan ajujuwa, aka dasa rodi, aka sake awo. Asarar siminti ta yi mana ciwo, amma da mun bar shi da mun ci amanarku.

Mun nace a rubuta lissafin kowane turke iri biyu: na WGS 84, ma'aunin duniya baki ɗaya da GPS ke aiki da shi, da tsohon ma'aunin Minna da taswirorin filayenmu na da suka dogara a kai. Tazarar da ke tsakaninsu ta kai gomman mita, kuma mai haɗa su cikin rashin sani zai iya jefa fegin wani cikin gidan maƙwabci. Jos tana shiyya ta 32 a UTM, tsarin da ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya, an rubuta wannan ma.

Ɗalibai sun riga sun fara fita da ƙafa-uku na ɗora na'ura da littafin awo, suna gwada lissafinsu da na turke. Saura fenti da allon gargaɗi. Muna roƙon iyayen unguwa su ja kunnen 'yan gwangwan kan ƙusoshin nan, a kuma daina ɗaure akuya a jikin turke na biyu.