An ba mu 'yancin tambaya, to idan an hana mu amsa wa za mu kai wa ƙara?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, dan Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato maganar Dokar 'Yancin Samun Bayanai, musamman abin da yake biyo baya idan mutum ya rubuta wa hukumar gwamnati yana neman bayani aka ce ba za a ba shi ba, ko kuma aka yi masa shiru kawai wanda shi ne ma ya fi yawa. Kullum ana wayar mana da kai cewa muna da 'yancin tambaya, ana taro ana jawabi duk 28 ga Satumba, ranar 'yancin samun bayanai ta duniya, amma kusan ba na jin mai cewa ga inda za ka je idan an hana ka, kuma ni a ganina nan ne dokar take rayuwa ko ta mutu.

A Najeriya dai dokar a takarda ba laifi gaskiya. Tun 1999 ake ta fama da ƙudirin a majalisa, a 2007 ya je teburin Obasanjo bai sa hannu ba, sai 28 ga Mayu 2011 Goodluck Jonathan ya sa mata hannu. Ta ce ba sai ka faɗi dalilin da ya sa kake son bayanin ba, ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, idan takardun suna da yawa a ƙara mata wasu 7, idan za ta hana ka dole ta rubuto maka dalili da sashen dokar da ta dogara da shi, idan ta yi shiru har wa'adin ya wuce to a ɗauka ta hana. Har tarar naira 500,000 aka sa wa wanda ya hana ba bisa ƙa'ida ba. To amma daga nan fa sai me? Sai dokar ta ce kana da kwana 30 ka garzaya kotu. Shi ke nan, babu wata ƙofa tsakanin teburin wanda ya hana ka da zauren babbar kotu.

Malam Edita kai ka san abin da ake nufi da a je kotu. Lauya ne, kuɗin shigar da ƙara ne, a ɗage zama yau a ɗage gobe, alƙali ya tafi hutu ko a canja shi a faro daga farko, ga hukumar da ka kai ƙara tana da lauyoyinta da ake biya da kuɗin harajinka kai mai ƙarar. Wanda yake son ya san nawa aka ware wa gyaran makarantar da 'ya'yansa ke zuwa kuma wane ɗan kwangila aka ba, ina zai samu wannan ƙarfin? Manyan ƙungiyoyi masu lauyoyi da kafafen labarai masu ɗan hali su ne kawai ke iya jurewa, su ma ɗin ba kowace buƙata suke bi ba, sai su zaɓi ɗaya su bar goma. Kuma ma'aikatan sun san haka sarai, shi ya sa ba sa jin komai idan sun yi shiru.

Na taɓa kai irin wannan takarda wata hukuma da ba zan ambaci sunanta ba, tambaya ce ƴar ƙarama a kan wani aiki da aka sa a kasafin kuɗi aka ce an gama. Ma'aikacin da ke karɓar wasiƙu ya juya takardar gaba da baya, ya tambaye ni wa ya aiko ni, na ce babu, ya ce to me zan yi da bayanin, da ƙyar ya buga min hatimi a kwafina ya rubuta kwanan wata da biro. Duk komawar da na yi magana ɗaya ce, fayil yana teburin darakta, darakta ya yi tafiya, a dawo wani satin. Babu wanda ya ce min a'a, babu wanda ya ce min e. Kwafin nan mai hatimi yana nan a hannuna, a doka hujja ce cikakkiya, amma babu ofishin da zan miƙa wa ita a duba min ba tare da na nemi lauya ba.

Wanda yake ganin na yi zafi ya duba shari'ar jihar Edo. A 2014 wasu 'yan ƙungiyoyin farar hula suka nemi bayanan kuɗin wani shirin yaƙi da cutar ƙanjamau daga hukumar jihar, aka hana su, suka je kotu, a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wai dokar ba ta hau kan jihohi ba, sai a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau kan kowa har jihohi. Hukuncin ya yi daɗi ƙwarai kuma ya amfani ƙasa baki ɗaya, amma fa shekara 11 kenan a kan tambayar da doka ta ce a amsa cikin kwana 7, gwamnatin da aka tambaya ta sauka, wadda ta gaje ta ma ta sauka. Bayani yana da lokacinsa, idan ka samu takardun kwangila bayan an biya kuɗi an yi zaɓe an manta, to tarihi kawai ka samu.

Wani zai ce ai akwai Antoni Janar, doka ta ɗora masa sa ido, kowace hukuma ta aika masa rahoto kafin 1 ga Fabrairu shi kuma ya kai wa majalisa. Haka ne, amma shi ɗin minista ne a cikin gwamnatin, kuma shi ne babban lauyanta mai kare ta a kotu, to ka ga an ba kura ajiyar nama kenan ko da kuwa mutumin kirki ne ke kan kujerar, domin matsalar tana jikin tsarin ne. Kuma ma aikinsa karɓar rahoto ne, ba ya zama ya saurari ƙorafina ya ce wa hukuma ki fito da takardar nan.

Abin da nake kira a yi, wato a kafa hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa sauraron ƙorafin wanda aka hana bayani, ba sabon abu ba ne, ƙasashe da yawa sun yi. A Birtaniya dokarsu ta 2000 ta fara aiki a Janairun 2005, idan an hana ka sai ka fara neman hukumar ta sake duba hukuncinta, idan ba ka gamsu ba sai ka kai wa Kwamishinan Bayanai, kyauta, ta intanet ma kana iya cike fom ɗin, shi kuma yana da ikon ya ce a kawo masa takardar da aka ɓoye ya karanta da idonsa sannan ya yanke hukunci a rubuce wanda dole a bi, wanda bai yarda ba ya tafi kotun musamman ta ɗaukaka ƙara. Wannan karantawa da ido ita ce ta fi komai muhimmanci a wurina, saboda duk wanda ya hana ka zai ce sirrin tsaro ne ko sirrin kasuwanci ne, kai kuma ba ka ga takardar ba balle ka musa, dole sai an samu mutum na uku da ba ya tsoron kowa ya buɗe fayil ɗin ya ce wannan shafin sirri ne da gaske a rufe shi, sauran 40 ɗin kuwa rasit ne da lissafi a ba shi.

Indiya ta fi burge ni ta wani ɓangaren. Dokarsu ta 2005 daga ƙauyukan Rajasthan ta samo asali, leburori ne da manoma suka dage sai an nuna musu rajistar biyan kuɗin aikin da suka yi. Sun kafa hukumar bayanai a tarayya da kuma jihohi, kuma idan jami'i ya ƙi ba da bayani babu dalili ana cin sa tarar rufi 250 a kowace rana har ta kai 25,000, shi kansa jami'in ake ci ba asusun ma'aikatarsa ba. Wannan hikima ce, don tarar da za a biya daga baitulmali ai mu aka ci tara ba shi ba.

Kuma kada a ce wannan sai Turai da Asiya. Laberiya tun 2010 ta sa kwamishina mai zaman kansa a dokarta, Saliyo ta bi a 2013, Afirka ta Kudu da ta daɗe tana tura mutane kotu a ƙarƙashin dokarta ta 2000 ita ma daga 2021 ta miƙa aikin ga hukuma mai ikon ba da umarni. Ghana da ta yi tata dokar a 2019, shekara 8 bayan tamu, ta kafa hukumarta, kuma an ga amfaninta nan da nan, don a 2021 kafar The Fourth Estate ta nemi jerin kamfanonin da aka ba lasisin haƙar ma'adinai, hukumar ma'adinan ta ce sai an biya dala 1,000, aka kai ƙorafi, hukumar bayanai ta ce a ba su a kan kuɗin da bai wuce sidi 2 ba. Ko samfurin dokar da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta fitar a 2013 don ƙasashe su kwaikwaya ya tanadi irin wannan hukuma. To mu me ya hana mu?

Na san abin da mutane za su ce, kuma suna da gaskiyarsu, za su ce wata sabuwar hukuma kuma, wani wurin raba muƙami da sayen motoci. Tsoron nan a wurinsa yake, domin hukuma mai suna mai zaman kanta wadda ba ta da haƙori ta fi babu muni, tana ƙara maka matakin jira ne kawai. A Amurka akwai ofishin da aka buɗe a 2009 don sasanta masu nema da hukumomi, amma sulhu yake yi ba ya iya tilasta kowa, ƙarshe dai kotu ake komawa. A Indiya gwamnatoci sun gano dabarar barin kujerun kwamishinoni babu kowa har ƙararraki su taru jibgi, sai da Kotun Ƙolinsu ta sa baki a 2019, kuma a shekarar aka gyara dokar aka ba gwamnatin tarayya ikon yanka wa kwamishinonin wa'adi da albashi, wanda duk mai hankali ya san abin da hakan ke nufi. A Birtaniya minista yana da ikon hawa kujerar na ƙi, an yi amfani da shi a 2009 aka hana fitar da bayanan zaman majalisar ministoci kan yaƙin Iraƙi. Meziko kuwa da ake buga misali da hukumarta a duniya, rushe ta aka yi gaba ɗaya, a 2025 aikin ya koma hannun ɓangaren zartarwa. Ni abin da na fahimta daga duk wannan shi ne gwamnatoci ba sa ɓata lokacinsu wajen karya abin da ba ya damun su, don hukumomin suna aiki ne aka bi su da sara.

Saboda haka idan za a gyara dokarmu, a yi ta da kyau tun farko. Kada naɗin kwamishinonin ya zama na mutum ɗaya, a tallata kujerun, a tantance a bainar jama'a, majalisa ta amince, a ba su wa'adi tsayayye wanda ba a cire mutum sai da dalili mai ƙarfi, kuɗinsu kuma ya fito kai tsaye ba sai sun je roƙon ma'aikatar da gobe za su yanke wa hukunci ba. Ƙorafi ya zama kyauta, ba lauya, mutum ya iya kai shi da Hausa ko duk harshen da yake ji, da baki ma idan bai iya rubutu ba, kuma ita kanta hukumar a yanka mata wa'adi don kada ta zama wani teburin daraktan. Nauyin kawo hujja ya zauna a kan wanda ya hana kamar yadda dokar ta riga ta tanada a kotu, kuma kotun tana nan ga wanda bai gamsu ba, ba cewa nake a rufe ta ba.

Akwai kuma wanda ake mantawa da shi a maganar nan, ƙaramin ma'aikacin gwamnati. Da yawansu ba mugunta ce ke sa su hana ba, tsoro ne, mutum ya yi rantsuwar riƙe sirri ranar da aka ɗauke shi aiki, ga Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan, kowane fayil an buga masa jan hatimin sirri ko da lissafin man janareta ne a ciki. Dokar 2011 ta ce wannan hatimin shi kaɗai ba ya hana a fitar da takarda, ta kuma ba da kariya ga wanda ya bayar da kyakkyawar niyya, amma wa zai tsaya masa idan oga ya fusata aka tura shi wani lungu? Idan akwai umarni a rubuce daga hukuma mai iko, sai ya ɗaga takardar ya ce ranka ya daɗe ba ni ba ne, umarni aka ba mu. Kuma a hankali hukunce-hukuncen za su taru kowa ya san cewa irin wannan takardar ana bayarwa irin waccan ba a bayarwa, bayanan lafiyar mutum da binciken da ba a gama ba a kare su yadda ya kamata, ba kowane ofis ya riƙa yanke nasa hukuncin yadda ya ga dama ba.

Roƙona gare ka Malam Edita, tunda ku 'yan jarida kun fi kowa shan wannan wahalar, ku ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata ku riƙa buga buƙatun da kuka aika, ranar da aka karɓa, wace hukuma ce, ta amsa ko ba ta amsa ba, sannan duk ɗan majalisar da ya zo hira wurinku ku tambaye shi kai tsaye ko zai goyi bayan a sa hukumar sauraron ƙorafi mai zaman kanta a cikin dokar, ku buga mana amsarsa yadda ya faɗe ta.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum