Zuwa ga ɗana, kan aikin takalmin ƙwallo

Assalamu alaikum ɗana,

Mamarka ta ce ka yanke shawarar barin gyaran injinan haƙar zinariya a Obuasi, ka koma wurin masu ƙera takalman ƙwallo da ƙwallaye. Kawunka har ya zo gida yana faɗa, wai shekara huɗu muka biya maka KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, don ka ƙare a kayan wasa. Na ce masa ya je ya auna ƙwallo tukuna. Dokar ƙwallon ƙafa ta ce kewayenta santimita 68 zuwa 70 ne, nauyinta giram 410 zuwa 450. A cikin wannan ɗan tsakani ake son ta yi tsalle daidai, ta ƙi shan ruwa, ta jure duka. In wannan ba aikin injiniya ba ne, to mene ne? A 1954, a wasan ƙarshe na kofin duniya a Bern, cikin ruwan sama Jamus ta Yamma ta ci Hangari 3-2, sanye da takalman Adi Dassler, mai kamfanin Adidas, masu ƙusoshin da ake murɗewa a sauya. Na amince, Allah ya sa albarka.

Amma akwai abin da nake so ka riƙe. Ka tuna Jabulani, ƙwallon kofin duniya na 2010 a Afirka ta Kudu? Kana firamare lokacin. Yanki takwas kacal gare ta, an haɗa su da zafi, babu ɗinki, kuma an gwada ta a jami'ar Loughborough ta Ingila. A ɗakin gwaji ta yi kyau. Da ta shiga fili sai masu tsaron gida suka yi ta kuka, tana karkacewa a iska ba a san inda za ta sauka ba, saboda santsinta ya yi yawa. Shi ya sa Brazuca, ƙwallon kofin duniya na 2014, ta zo da layukan haɗi masu zurfi. Daren da Yurugwai ta fitar da Ghana a gasar 2010, da fenaretin da Asamoah Gyan ya ɓarar kam, har yau zuciyata ba ta son tunawa.

Shekara talatin ina makanikanci a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma ban taɓa sanin ciwon mota fiye da direban da ke hawa da ita tudun Mampong ba. Kai ma, direbanka shi ne ɗan wasa. Kwamfuta za ta nuna maka inda tafin takalmi zai lanƙwashe, amma ba za ta ce maka yana cin ɗan yatsa ba. Takalman da ake kawo mana don ciyawa aka yi su. Yaranmu na Aboabo da Asawase kuwa a kan marmara suke bugawa, ƙusoshin su cinye, gam ya saki, kafin damina ta wuce tafin ya buɗe baki. Uba ya ci bashi ya saya, ga shi an koma wurin mai gyaran takalmi. Wannan yaron nake so ka gani idan ka zauna zane.

Kai ƙarfe ka sani. Yanzu sai ka sunkuyar da kai ka koyi fata da roba da gam, ko da a hannun masu ɗinkin takalma na Kumasi ne.

In kun yi samfurin farko, ka roƙi shugabanka ya ba ka ƙafa biyu ko uku ka kawo da Sallah. Na riga na yi magana da kocin yaran unguwa. Mamarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa kira.

Babanka,
Kumasi