A fayyace kuɗin bajon tunawa da 'yan mazan jiya

Malam Edita,

Ranar 15 ga Janairu Najeriya ke tunawa da 'yan mazan jiya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A da 11 ga Nuwamba ake yi. Tsarin sananne ne: shugaban ƙasa ya ƙaddamar da bajon da ake tara kuɗin tallafa wa iyalan mamatan sojoji da shi, a yi addu'o'i a masallatan Juma'a da coci-coci, sannan a Abuja a ajiye furanni, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru.

Matsalar tana wajen bajon. Gwamnoni kan yi alƙawarin miliyoyi a bainar jama'a, biyan kuwa sai ya yi jinkiri, don babu wa'adi. A sa wa'adi, kowace jiha ta wallafa abin da aka tara da adadin matan mamatan sojoji da marayun da suka amfana.

Naku,
Wani mai karatu daga Kaduna