Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Gandun Dajin Kakum

Zuwa ga shugabanni da masu rakiyar baƙi na Gandun Dajin Kakum, ƙarƙashin Sashen Kula da Namun Daji na Hukumar Gandun Daji ta Ghana.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin godiyar da na yi muku da baki ranar da muka rabu ba ta ishe ni ba, kuma ina so 'yan'uwana mazauna zangunan Accra da Takoradi, waɗanda suke wuce Cape Coast a kan hanyar fatauci ba tare da sun taɓa ratsewa wurinku ba, su san irin mutanen da ke tsaron wannan kurmi.

Ni kaɗai na tashi daga Nima a 'yar motata, da niyyar bin babbar hanyar bakin teku zuwa yamma, ina tsayawa duk inda aka ce akwai tsuntsu ko dabbar da za a kalla. Na sha cunkoson Kasoa, na wuce Winneba da Mankessim, na ci kimanin kilomita 150 kafin in isa Cape Coast, sannan na karkata arewa na ƙara wajen kilomita 30 zuwa ƙofarku. Wanda bai taɓa yawon buɗe ido shi kaɗai ba ba zai san yadda ake kallon mutum ɗaya a irin waɗannan wurare ba, domin lissafin masu harkar duk na ayari ne. Kwana ɗaya kafin in zo wurinku, a wani wuri da ba zan ambaci sunansa ba, an bar ni zaune a kan benci tun hantsi har azahar ina jiran a samu wasu baƙi a haɗa mu, daga ƙarshe aka ce in dawo gobe.

Da wannan ɓacin rai na iso Kakum da tsakar rana, na tarar da motocin 'yan makaranta sun cika filin ajiye motoci, hayaniyar yara kuma tana tashi har cikin itatuwa. Abin da na fara tambaya shi ne inda zan ga giwa, domin na taɓa zuwa gandun Mole a arewacin ƙasar, inda mutum yake tsayawa a kan tudu yana kallon giwaye suna wanka a tafki. Wani dattijo daga cikin masu rakiyarku ya zaunar da ni, ya gaya mini gaskiyar da mai son kuɗina ba zai faɗa ba. Ya ce giwar kurmi ba irin ta Mole ba ce: ta fi ƙanƙanta, haurenta miƙaƙƙe ne yana kallon ƙasa, kuma a cikin kurmin da ya kai murabba'in kilomita 375, inda ido ba ya wuce 'yan taku kaɗan saboda duhun ganye, baƙo yana iya zuwa sau goma bai sa ta a ido ba. Ya ƙara da cewa waɗanda suka fi kowa sanin giwayen su ne manoman ƙauyukan da ke gefen gandun, waɗanda suke ɗaura tsummokara masu barkono a shingen gonakinsu domin korar su daga amfanin gona. Shawarar da ya ba ni ita ce in haƙura da rana, in kwana a cikin dajin, in hau gadar sama, wato gadar igiya da aka ɗaure a tsakanin dogayen bishiyoyi, da sassafe kafin jama'a su iso.

Wannan shawara ita ce dalilin wasiƙata. Ba a ce in jira wani ayari ba, ba a kuma nuna mini cewa wahalar rakiyar mutum ɗaya ta fi ribarta ba. Da yamma wani matashi daga cikinku ya ja ni zuwa ɗakin da kuka gina a kan bishiya, ya nuna mini shimfiɗa da gidan sauro, ya gargaɗe ni in riƙa duba takalmana kafin in saka ƙafa. Cikin dare wani kuka ya tashi, yana farawa a hankali yana ƙaruwa har ya zama kamar ihun wanda ake yankawa, kuma ba zan ɓoye ba, sai da na karanta duk abin da ya zo bakina. Matashin ya yi dariya cikin ladabi, ya ce agwadar bishiya ce, 'yar dabbar da ba ta wuce girman zomo ba. Da asuba kuwa, ba tare da na roƙa ba, ya ajiye mini ruwan alwala, ya koma gefe ya jira har na idar da salla, alhali shi ba Musulmi ba ne.

Gadar saman, wadda aka buɗe a 1995, gadoji bakwai ne na igiya da katako da aka ɗaure daga wata doguwar bishiya zuwa wata, kuma a wasu wuraren tsakaninta da ƙasa ya kai mita 40. Mun hau ta hazo bai gama washewa ba, mu biyu kacal. Da ka taka katakon sai ya yi lilo, ni kuwa da shekaruna sai da gwiwoyina suka ba ni labari, amma ɗan rakiyar bai gaggauta ni ba, ya ce in tsaya a dandamali na uku in yi shiru kawai. Mun fi rabin sa'a a tsaye babu abin da ya motsa. Can sai muka ji fukafukai suna dukan iska da ƙarfi, wasu manyan tsuntsaye dangin cilakowa, masu kauri a saman baki, suka sauka a kan wata bishiya mai 'ya'ya daidai da tsayin idona. Bayan su sai ga birai masu farin tabo a hanci suna tsallaka rassa a ƙarƙashin ƙafafunmu, wata da ɗanta manne a ciki. A hanyar saukowa ya nuna mini sawun gada a cikin laka, na ce masa a harshenmu sunan wannan dabba da na abin da muka tsallaka rubutunsu ɗaya ne, ya ce zai riƙe wannan domin baƙin da za su zo daga zango. Giwa dai ban gani ba, kuma ban ji an cuce ni ba, tun da an gaya mini haka tun kafin in biya ko sisi.

Alherinku bai tsaya a bakin ƙofa ba, domin da suka ji cewa yamma na nufa, abokan aikin matashin sun zauna sun tsara mini sauran tafiyar. Sun ce idan ina son ganin kunkurun teku yana hawowa yashi domin yin ƙwai, lokacinsa daga wajen Oktoba ne zuwa Maris, kuma kada in kuskura in fita bakin teku da dare ni kaɗai ko in haska masa tocila, sai dai in nemi masu gadin kunkuru na ƙauyen su raka ni. Sun ce in bar motata a Beyin in shiga kwale-kwale zuwa Nzulezu, ƙauyen da aka gina a kan ruwa, in tashi da wuri saboda tsuntsayen fadama, kuma kafin in shiga dajin Ankasa, kusa da iyakar Kwaddibuwa, in sha mai in cika tanki, in sanar da wani na gida inda nake. Duk na bi, kuma ban yi da-na-sani a kan ko ɗaya ba.

Roƙona ɗaya gare ku shi ne ku kafa allo babba a bakin ƙofa mai bayanin kwanan daji da hawan gada da sassafe, domin da ban haɗu da dattijon nan ba, da na bi sahun 'yan makaranta na sauko ina cewa babu komai a Kakum sai itatuwa. Ina kuma roƙon shugabanninku su isar da gaisuwata ga shi da matashin da ya raka ni, sun san kansu. In Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara, zan dawo da jikokina biyu, kuma ɗakin kan bishiya za mu nema.

Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku a bakin aikinku.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta daga Nima, Accra.