Wata Bakwai a Tsibirin Zanzibar da Jakar Magunguna

Edita,

Assalamu alaikum. Ka taimaka mini da ɗan fili a jaridarka in amsa wata magana da abokan zamana na majalisar bayan La'asar suka ishe ni da ita tun da na dawo gida Daura. Kullum sai wani ya ce, "Malam, kai kam ka more ritaya. Mu rana tana gasa mu a nan, kai kana can bakin teku kana shan iska." Wani ma cewa ya yi da shi ne, da sai dai a aiko da labarinsa. Na gaji da yi musu bayani ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikin bayanin akwai abin da nake so ya kai kunnen 'yan majalisar dokokinmu na Katsina.

Ni tsohon malamin gona ne, na yi shekara 35 ina aiki, yanzu shekaruna 71. Ina da hawan jini, ina da ciwon sukari, gwiwata ta hagu kuma ta daɗe da sa ni sallah a kan kujera. Babban ɗana yana koyarwa a Zanzibar, cikin ƙasar Tanzaniya. Bayan rasuwar mahaifiyarsu, Allah ya jiƙanta, ya matsa sai na je na zauna da su. Ya yi mini takardu, na tashi daga Kano ta Addis Ababa a watan Janairu, ban dawo ba sai Agusta.

Wurin yana da kyau, wannan ba ƙarya. Babban tsibirin sunansa Unguja, ɗan uwansa Pemba yana arewa da shi, can ne aka fi noman kanumfari. Mutanen kusan duk Musulmi ne, kiran sallah ta ko'ina. Yaro ba ya wuce ka sai ya ce "shikamoo", kai kuma ka ce "marahaba". Rabon da in ga yara suna gaida tsoho haka tun muna ƙanana. Amma ni da na sauka, da jakar magungunana na sauka, kuma babu ko ɗaya daga cikin cututtukan nan uku da ya tsaya a filin jirgin Kano.

Abin da ya fara kayar da ni shi ne laima. Mu a nan iska busasshiya ce, ka ƙulle ƙwayar magani a takarda ta shekara ba abin da ya same ta. Ni kuwa na saba ɓare ƙwayoyin mako guda in zuba a ɗan kwalin ashana don kada in manta. Kwana huɗu da zuwana na buɗe kwalin nan na tarar sun yi laushi sun manne da juna kamar alewar da ta sha rana. Haka tsinken gwajin sukari. Na bar murfin robar a buɗe dare ɗaya ko biyu, sai na'urar ta riƙa ba ni lissafin da ba ya kama hankali, yau sama gobe ƙasa, har na fara zaton ajali ne ya matso. Matar ɗana ce ta gano. Ta ce, "Baba, wannan abin ba a barinsa a buɗe a garin nan." Aka sayo sabo, lissafi ya dawo daidai.

Sai ƙafa. A Daura abin da mai sukari yake tsoro shi ne faso lokacin hunturu, diddige ya tsage, ƙasa ta shiga, ciwo ya ƙi warkewa. A can ban yi faso ko sau ɗaya ba, har na fara yabon garin. Ashe cin ruwa yana jirana. Alwala sau biyar, ga ruwan sama da suke kira masika daga Maris zuwa Mayu, wanda yake iya kwana yana zuba ya wuni yana zuba, tsakanin yatsun ƙafa ba ya bushewa. Fatar ta yi fari ta fara daddarewa, ni kuma ban ji ba, don sukari ya riga ya rage mini jin ƙafa. Jikana ne ya gani ina yanke farce. Likita ya ba ni man shafawa, ya ce in riƙa bin yatsun ɗaya bayan ɗaya da tsumma bayan kowace alwala, in kuma duba tafin ƙafata kowane dare, da madubi in ba na iya sunkuyawa. Har yau ɗan tawul yana aljihun rigata. Mutanen masallacinmu suna yi mini dariya, suna cewa na koyo iyayi a ƙasar waje.

Ganin likitan nan ma sai da na sha kunya. Ma'aikaciyar ta ce in dawo ranar Alhamis "saa tatu". Jikana da yake jin harshensu ya ce, "Kaka, ta ce ƙarfe uku." Na yi Azahar, na yi ƙailula, na saka babbar riga na isa ƙarfe uku daidai, na tarar ana share wurin. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i. Ƙarfe bakwai na safe shi ne sa'a ɗaya a wurinsu, don haka sa'a uku ƙarfe tara na safe ke nan. Na makara da awa shida cif. Daga ranar duk wanda ya faɗa mini lokacin shan magani sai na miƙa masa agogona ya nuna mini da yatsa.

Akwai kuma ranar da na hango shago an rubuta "Duka la Dawa" a samansa. Lokacin na yi wata biyu ban sa tuwon dawa a bakina ba. Na ce alhamdulillahi, na ja sandata na tsallaka titi. Na shiga na ga kwalabe da kwalaye. A harshensu dawa magani ce, hatsin kuma mtama suke ce masa. To, tunda na shigo, na ce bari in nemi maganin hawan jinina. Na nuna kwalin da na zo da shi daga gida, mai shagon ya girgiza kai. Sai da ya juya kwalin ya karanta ainihin sunan sinadarin, amlodipine, sannan ya ɗauko mini shi a wani kwali mai wani suna daban. Duk dattijon da zai yi tafiya, ko Umara ce, ya sa a rubuta masa ainihin sunan maganinsa da ƙarfinsa a takarda. "Ƙaramar farar ƙwayar nan" ba suna ba ne.

Abinci shi ya fi ba ni wahala. Shinkafa da madarar kwakwa safe da dare, shayi mai kayan ƙamshi wanda sukarinsa sai ka ce zuma, ruwan rake da citta a kowace kwana, ga halwa da ake ba baƙo da gahawa, wadda ƙin karɓarta rashin kunya ne. A watan farko sukarina ya hau. Kifi ne ya cece ni, don a kasuwar Darajani ɗanye ake samunsa kullum, da zogale, wanda na gano a bayan gidan maƙwabta ba mai kula shi. Kuma na yi tafiyar ƙafa fiye da yadda na taɓa yi tun da na bar aiki. Lungunan tsohon garin ƙunci gare su, mota ba ta shiga yawancinsu, ga inuwa, ga dakali a ƙofar kusan kowane gida, suna ce masa baraza. In gwiwa ta gaji ka zauna, ba mai tambayar ka.

A kan irin wannan dakalin na yi aboki, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Kowa Mzee yake ce masa, wato dattijo. Ya girme ni da 'yan shekaru, mutumin Pemba ne, ya yi rayuwarsa tsakanin kamun kifi da tsinkar kanumfari. Bai taɓa karɓar albashin gwamnati ba. Ba na jin Swahili, ba ya jin Hausa, muka riƙa haɗawa da guntun Larabcin makarantar allo da nuni da hannu. Da ya dafa ƙirji ya ce "presha", ya nuna yatsansa da aka sha sokewa ya ce "kisukari", na san mun zama 'yan gida ɗaya. Shi allurar insulin yake yi. Ya nuna mini ɗan tulun ƙasa da yake ajiye kwalbar a ciki, a naɗe cikin leda, in wuta ta ɗauke. Wutar tsibirin daga babban yankin ƙasar take zuwa ta igiyar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, kuma daga Disambar 2009 zuwa Maris na 2010 sun yi wata uku cikin duhu. Na ce masa wannan randa ce, mu ma mun san ta.

Wata safiya na gan shi ya saka farar riga da hula kamar ranar Juma'a, alhali Talata ce. Na tambaya, ya ce kuɗinsa zai je karɓa. Na ce wane kuɗi, kai da ba ka yi aikin gwamnati ba? Ɗana ne ya yi mini bayani da daddare. Tun watan Afrilun 2016 gwamnatin Zanzibar take biyan duk ɗan ƙasar da ya kai shekara 70 kuɗi kowane wata, ko ya yi aikin gwamnati ko bai yi ba. Da shilin 20,000 aka fara, abin da bai kai dala 10 ba a lokacin, daga baya aka ƙara. Ba wani kuɗin a zo a gani ba ne, shi ma Mzee bai ce ya ishe shi ba. Amma ya san zai zo, don haka ya san ranar da zai sayi abin da zai saya, kuma ba sai ya jira ɗa ya tuna da shi ba.

Edita, a daren nan na kasa barci, ina tuna wani sa'ana a unguwarmu. Manomi ne, ya yi shekara hamsin yana noma gero da wake, ni kaina na sha zuwa gonarsa da aikin malamin gona. Da aka ce yana da hawan jini, sai ya riƙa zuwa kemis yana cewa a ba shi na kwana uku, don iya kuɗinsa ke nan. In kai ya daina ciwo ya bari. Hawan jini kuwa ba ya sallama, yana iya hawa mutum yana jin garau, maganinsa kullum ne har ƙarshen rai. Ina can aka bugo mini waya cewa ya faɗi a bakin masallaci, ɓarin jikinsa ya shanye. Yanzu 'ya'yansa suna kashe wa a wata guda abin da zai saya masa ƙwayoyin shekara.

Mu da muka yi aikin gwamnati muna kuka da fansho, kuma kukanmu gaskiya ne. Ni ma na taɓa wuni a layin tantancewa a wani ofishi da gwiwar nan, har wani dattijo ya yanke jiki a gabana. Amma mu 'yan kaɗan ne. Mafi yawan tsofaffin Daura da Mai'aduwa da Zango da Sandamu manoma ne da maƙera da masu saƙa da tsofaffin mata masu dakau, ba su da layin da za su tsaya ma. Dokar fansho ta 2004 da gyaranta na 2014 ma'aikata suka shafa. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya sa wa hannu a 2022 ta ambaci tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a ɗauki nauyinsu. Roƙona ga 'yan majalisarmu shi ne su ɗauki wannan su mai da shi abin da tsoho zai taɓa da hannu. Ko ba a iya ba kowane mai shekara 70 kuɗi ba, a fara da maganin hawan jini da na sukari na wata guda cur, a ƙaramin asibitin mazaɓa, a rana sananniya, tare da awo. Ƙwayoyin nan suna cikin mafi arha a kasuwa. In tsibirin da duk mutanensa ba su kai miliyan 2 ba a ƙidayar 2022 ya iya riƙe tsarinsa shekara da shekaru, ban ga dalilin da zai hana a gwada ko a ƙaramar hukuma ɗaya ba.

Masu cewa don me na dawo, ga amsa. Ido ne ya fara yin yana, aka ce in haye Darussalam, babban birnin kasuwancin Tanzaniya, in ga babban likita. Awa biyu ne a jirgin ruwa, amma igiyar ruwan watan Yuli ta juya mini ciki har na yi ta salati da ƙarfi, Turawa masu yawon buɗe ido suna kallona. Da muka dawo na ce wa ɗana, "In za a taɓa idon nan, a taɓa shi inda in na ce wayyo za a san abin da na ce." Ya yi shiru, ya sayi tikiti. An yi aikin a Kano, alhamdulillahi, da idon nake rubuta wannan.

Ranar da zan taho Mzee ya ba ni kanumfari cikin ƙullin tsumma, ni kuma na bar masa ɗan madubin da nake duba ƙafa da shi. Makon jiya jikana ya turo mini muryar Mzee ta WhatsApp, yana tambaya ko damina ta yi kyau, ko kuma na sami dawar da nake nema.

Naka,
Tsohon malamin gona mai ritaya,
Daura, Jihar Katsina.